Keken Ɗanlaraba Ya Fito Kasuwa

Sotega, Libreville
Watan Oktoba

Zuwa ga ƙanena Salissou, a Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Ka gaishe mini da Yaya Hajjo, ka tambaye ta jikinta. Mu nan ruwa ya sauko da ƙarfi. Matata Fatouma tana fama da gwiwa, ni kuwa kunnena sai ƙara nauyi yake yi, shi ya sa na bar tarho ga yara. Abdulrauf mai fataucin atamfa ne zai miƙa maka wannan.

Bari in shimfiɗa maganar daga tushe. Ka san tun da idona ya daina ganin kafar allura na ajiye ɗinki, na koma sayen tsofaffin kekunan ɗinki, baƙaƙen nan masu zanen ruwan zinariya da muka koyi sana'a a kansu. A garin nan masu mashaya suna sayen ƙafafunsu, su ɗora katako su yi tebur, kan kuma a kai wa masu auna tsohon ƙarfe. Wanda ya tsira daga gare su iskar teku ta cinye shi da tsatsa. Ni kuwa ina bin kasuwa ina tsamo su, in kwance, in jiƙa da kananzir, in ba su mai har su sake magana. Sun cika ɗakin baya. Fatouma takan ce, "Malam, saura kaɗan ƙarafa su hau gado, mu mu koma baranda."

Makon jiya Momo, wani dillalin tsofaffin kaya mutumin Gine, ya tsayar da ni. Ya ce, "Tsoho, zo ga wani tsoho irinka, amma shi haƙoransa ba su zube ba." Na ɗaga kan keken na kifa shi, kamar yadda nake yi kafin in taya. Al'adarmu ce, mu telolin da muka ƙetaro teku daga Kalaba, kowa ya karce sunansa da ƙusa a ƙarƙashin kekensa, domin a cikin jirgi buhu-buhu ake jibge su. A ƙarƙashin wannan na ga rubutun ajami: Ɗanlaraba ɗan Hajjo, Maraɗi.

Ɗan Yaya ne, mijin 'yarka Rakiatou. Shekara tara ke nan da ya sauka gidana da wannan keke a kafaɗa. Da ya zauna kaɗan sai ya shiga daji don ya yi wa masu yankan katako ɗinki, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, duk da neman da na yi.

Na sayi keken ban yi ciniki ba. Ka san abin da ake nufi idan keken tela ya fito kasuwa, ba sai na faɗa ba. Ka sanar da waɗanda ya kamata, ta yadda ya kamata.

Abin da ya ba ni mamaki, babu ɗigon tsatsa a jikinsa. Mansa sabo ne, allurarsa sabuwa, har da zare a kwarkwaro. Hannun da ya riƙe shi bai daɗe da sakinsa ba.

Na ji cewa alƙali ya kusa warware igiyar Rakiatou, kuma Aliou mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya kawo kayan nema. Allah ya sanya alheri, yarinyar ta yi haƙuri.

Yayanka,
Hammadi Adamou

*

Maraɗi
Watan Nuwamba

Zuwa ga Yaya Hammadi.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun yi murna da jin kuna lafiya. Allah ya ba Yaya Fatouma sauƙi. Mu nan an gama girbi, gero ya yi kyau, kowa lafiya.

Da na ga sunan Ɗanlaraba ban iya jira ba, na tara gida a tsakar gida na karanta a fili. Da na iso wurin sabon mai da sabuwar allura, Yaya Hajjo ta miƙe ba sanda, ta rangaɗa guɗa. Ta ce, "Kun ji ko? Ku da kuka binne mini ɗa da baki! Gawa tana zuba wa keke mai?" Washegari ta yi sadakar waina ga unguwa duka.

Ni ɗan hatsi ne, ba tela ba, amma na gane abin da ka ce ba sai ka faɗa ba: yaron ya shiga matsi har ya sayar da abin sana'arsa, kunya ta hana shi zuwa wurinka. Haka na bayyana wa kowa.

Sai dai murnar ta zo da nata. Yaya Hajjo ta karɓi takardar daga hannuna ta kai wa alƙali da kanta. Alƙali ya ce wanda aka sami alamar rayuwarsa ba ɓatacce ba ne, don haka ya dakatar da maganar raba auren har sai an ji daga gare ka. An riga an sa ranar Aliou da Rakiatou, an raba goro, yanzu an ɗage.  Rakiatou ta ɗauki tabarmar da ta zauna a kai ta naɗe, ta shiga ɗaki.

Yaya, ka nemo shi da sauri. In zai dawo ya dawo, in zai sake ta ya sake ta. Shi ɗan 'yar'uwata ne, ba na ƙinsa, amma 'yata ce take rataye.

Ƙanenka,
Salissou

*

Maraɗi
Watan Janairu

Zuwa ga Yaya Hammadi.

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai shirunka ya dame mu. Matafiya biyu sun zo daga Gabon, babu wanda ya riƙo takardarka. Yaran da muka kira sun ce kana kwance, ba su ce komai bayan haka ba. Allah ya sa ba wani abu mai tsanani ba ne.

Yaya Hajjo ta sa an share ɗakin Ɗanlaraba, an shafe shi da farar ƙasa. Ta aiko a ce wa Rakiatou ta koma can ta zauna, wai kada miji ya iso ya tarar da ɗaki ba mace. Na hana. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata.

Mahaifin Aliou ya zo da kansa. Ya zauna ya ƙi shan ruwa. Ya ce, "Malam Salissou, mace muka zo nema, ba shari'a ba. Yarona ya jira shekara biyu ana yi masa dariya a lakwal. In ruwan shuka ya sauka magana ba ta yanke ba, ku maido mana da kayanmu, mu rabu da mutunci."

Jiya Rakiatou ta kawo mini tuwo, ta tsaya ba ta fita ba. Ta ce, "Baba, ka tambayar mini Baba Hammadi, shin mutum ya gani ko ƙarfe? Na jira mutum shekara tara. Yanzu keke zan jira?"

Amsarta tana wurinka. Kai ka ba ni.

Salissou

*

Sotega, Libreville
Watan Maris

Zuwa ga ƙanena Salissou.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kayar da ni, ya koma ya sake kayar da ni, har Fatouma ta ɓoye mini takardunka don kada su ƙara mini. Yanzu na miƙe, alhamdu lillahi. Na karanta su biyun a zama ɗaya.

Salissou, a waccan takarda ta farko ta'aziyya na aiko muku. A wurinmu teloli, mutum yana iya sayar da rigarsa da katifarsa, ya kwana da yunwa, amma keke ba ya zuwa kasuwa sai mai shi ya kwanta kwanciyar da ba tashi. Ban rubuta kalmar ba domin ban ga gawa ba, kuma ba a yi wa uwa irin wannan albishir a kan zato. Na ɗauka kowa ya san wannan. Maganar mai da allura kuwa, bakin mai son kekuna ne ya yi ta, da na sani da na haɗiye ta.

Da na sami ƙarfin tafiya na koma wurin Momo. Ya ce, "Tsoho, dillali ba ya nuna rijiyar da yake sha." Na gaya masa auren da ke rataye. Sai ya rufe rumfarsa, muka shiga taksi zuwa unguwar Nzeng-Ayong. Inda kwalta ta ƙare muka sauka, muka gangara ta kan katakan da aka gitta bisa kwata, har wani gidan langa-langa a gindin tudu, inda babu Bahaushe ko ɗaya.

Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar ƙasar nan, Kirista, mijinta ya rasu, tana sayar da rogo dafaffe a ganye. Ana ce mata Maman Sarah. Da ta ga hulata ta tare ƙofa, ta ce da Faransanci, "Kun zo kama shi ne? Bai yi wa kowa komai ba." Na ce ni kawunsa ne. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Kawu? To ina kake duk shekarun nan, kawu?" Sa'an nan ta kauce.

Yana da rai, Salissou.

Na tarar da shi a kan katifa a ƙasa, an jingina shi da bango. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, harshe ba ya juyawa. Gashinsa ya yi fari fiye da nawa. Na ce, "Ɗanlaraba, Kawu ne." Ya gane ni. Ya ja zane da hannun hagu yana so ya rufe fuskarsa, zanen bai kai ba.

Ga abin da tsohuwar ta faɗa mini. Ya fito daga daji ba shi da komai sai keken, takardun zamansa sun ɓace. Ya kama ɗaki a wurinta yana yi wa unguwa faci, suna kiransa Mercredi, wato Laraba da Faransanci. Ta ce in ya ji ana Hausa a kan hanya sai ya shige ciki ya ja labule. Shekara uku da suka wuce ya faɗi a kan keken yana cikin ɗinki. Ba ta san inda za ta nemi danginsa ba, kuma tana tsoron ta kai maganar marar takarda wurin hukuma. Sai ta riƙe shi. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke wanke shi. Keken kuwa, duk Lahadi in ta dawo daga coci sai ya yi ta nuna shi da ido, har ta gane abin da yake so: ta goge, ta zuba mai, ta juya. Ta yi haka har likita ya gaya mata ba zai tashi ba, magani kuma ya fi ƙarfinta. Ta ce, "Na ce masa, ɗana, ko keke ko kai. Ranar da Momo ya ɗauke shi, kwana biyu bai buɗe baki ya ci abinci ba."

Abin da ya hana shi rubuto muku tun yana da hannu, ban sani ba. Dalilin ya tafi tare da harshensa.

Na ɗauko shi zuwa gidana. Maman Sarah ta bi mu har bakin kwalta tana gaya wa Fatouma yadda yake son kununsa. Ɗakin baya kaɗai gare ni, don haka na fitar da kekunan. Waɗanda suka sami wuri a ƙarƙashin indararo suna can ruwa yana taɓa su, sauran masu auna ƙarfe sun zo da baro sun kwashe.

Ka gaya wa Yaya Hajjo a hankali, cikin ɗaki, tare da mata manya. Ka gaya wa Rakiatou mutum na gani. Ka kuma tambayi alƙali abin da shari'a ta ce.

Yayanka,
Hammadi Adamou

*

Maraɗi
Watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Hammadi.

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da ka miƙe. Allah ya saka wa wannan tsohuwa, ya shirye ta. Mu nan zafi ya tsananta, ana ta ciwon ido, amma da sauƙi.

Na gaya wa Yaya Hajjo yadda ka ce. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mai rai ba a fid da rai gare shi. Yana da mata, matarsa ta yi jinyarsa. Ko a kawo shi, ko a kai ta."

Alƙali ya ce hanya biyu ce. Ko mijin ya sake ta da alama bayyananna a gaban shaidu biyu, tun da ba ya magana, ko kuwa adilai biyu da suka gan shi da ido su shaida cewa ba zai iya riƙe aure ba, sai shi alƙali ya raba don kawar da cuta. Ya ce shaidarka ce za ta fi nauyi, domin kai kawunsa ne, ba wanda zai ce ƙiyayya ce.

Yaya Hajjo ta ji wannan. Ta sa ni in rubuta maganarta yadda ta faɗe ta, ga ta: "Ka gaya wa Hammadi, ni na goya shi da uwarmu ta rasu. In ya sa hannunsa a takardar da za ta ƙwace wa ɗana mata yana kwance, kada ya bi makarata, kada ya yi mini salla, ban yafe ba."

Rakiatou ta ce in gaya maka, in an ce ta tafi za ta tafi, ba za ta saɓa wa Gwaggo ba. Da take faɗa tana kallon ƙasa. Ta rame, Yaya.

Ni uba ne, bakina ba ya karɓuwa a wannan magana. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Salissou

*

Sotega, Libreville
Watan Mayu

Zuwa ga Yaya Hajjo, da ƙanena Salissou, da 'yata Rakiatou, da dukan manyan gidanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, kowa da matsayinsa. Muna lafiya. Ɗanlaraba yana cin abinci, gyambon bayansa ya fara kamewa, ni da kaina nake juya shi safe da yamma.

Na bi hanya ta farko kafin ta biyu. Ranar Jumma'a bayan la'asar na gayyato limaminmu Malam Farouk da Abdulrauf. Muka yi wa Ɗanlaraba wanka, muka sa masa riga mai kyau da hula, muka zaunar da shi, domin magana ce ta maza, ba a yi wa mutum ita yana kwance. Liman ya fara gwada hankalinsa: ya ce ya nuna kawunsa, ya nuna ni, ya ce ya nuna alƙibla, ya nuna. Sa'an nan na ba shi labari duka, ban rage ba: jiran Rakiatou, da Aliou, da ruwan shuka.

Liman ya ce, "Ɗanlaraba, in ka sawwaƙe wa matarka Rakiatou, ɗaga hannunka mai lafiya."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa, ya danne.

Liman ya maimaita. Abdulrauf ya ce, "Haba ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah! Ko ƙyalle ba ka aika mata ba, kai da kake tela." Liman ya tsawata masa, ya sake tambaya a hankali. Hawaye yana zuba ta ɓangaren da ke da rai, amma hannun bai fito ba. Fatouma tana bakin ƙofa, ta ce, "Ku bar shi haka, Malam. Matar kaɗai ta rage masa da ba a sayar ba."

Na sallami baƙi, na zauna gabansa. Na ce masa, "Ɗana, na ji amsarka, kuma ba zan ce ka faɗi abin da ba ka faɗa ba. Amma zan shaida abin da idona ya gani, a gabanka nake gaya maka don kada ka ji daga baya." Tun daga ranar, in na kawo masa kunu sai ya rufe baki, sai Fatouma ta karɓa.

Na rubuta shaidar, Malam Farouk ya sa hannu tare da ni. Tana cikin ambulan na biyu. Babu komai a cikinta sai gaskiya: yana da rai, yana da hankali, ya ƙi saki, kuma ba zai iya ciyarwa ko tufatarwa ko zaman aure ba, likita bai sa ran tashinsa ba.

Salissou, ranar da Abdulrauf ya iso, a ranar za ka kai ta hannun alƙali, ba sai ta bi ta tsakar gida ba. Daga can ka ɗauki dattijo ɗaya ku wuce wurin mahaifin Aliou, ku gaya masa akwai idda a gaba, ku roƙi arzikin ya ƙara mana ita a kan wa'adinsa. In ya ƙi, ku mayar da kaya ba tare da ɓacin rai ba, sun yi mana kawaici. Ko da Aliou ko babu shi, ba za a aiko Rakiatou nan ba.

Rakiatou, 'yata, ba ke kika nemi wannan ba, ni na yi. Duk wanda ya ce kin guji marar lafiya, a turo mini shi.

Yaya Hajjo, kin goya ni, ban manta ba, kuma ba zan yi jayayya da ke ba. Ɗanki yana ɗakina, ba zai kwana da yunwa ko ƙazanta ba muddin ina numfashi, in na riga shi kuwa na bar wasiyya ga 'ya'yana. Jinyarsa a wuyanmu take, mu da muka haɗa jini da shi. Abin da kika hana ni na ji, kuma zan kiyaye. In Allah ya sa kin riga ni, ba zan bi makararki ba. Zan yi miki addu'a daga nan, wannan ba ki ambata ba.

Ina roƙon kowa da kowa a gidanmu, babba da yaro, maza da mata, ya ba da haɗin kai a kan wannan al'amari: a bar alƙali ya yi aikinsa, kada a kai maganar bakin rijiya ko kasuwa, kada kuma a bar Yaya ta kwana ita kaɗai a kwanakin nan. Wanda yake da fushi ya ajiye mini shi, ni ne mai shi.

Wassalam.

Naku,
Hammadi Adamou